Filin Tambaya da Amsa: Na yi rajistar CAC, ta yaya wani zai buga sunana a kwalinsa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu karatu. Saƙonnin da suka taru mana a wannan karon kusan duk kan maganar sunan kaya ne da tambari, abin da lauyoyi ke cewa alamar kasuwanci, 'yan kasuwa kuma su ce tiredmak. Na zaɓi guda biyar, na cire sunayen masu tambaya da sunayen kayansu kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, turare nake haɗawa na mai da na wuta, yau shekara shida kenan da sunana a jikin kwalba, kuma tun farko na je na yi rajistar CAC ina da satifiket ɗina a rataye a shago, to kwanan nan wani yarona ya je sari kasuwar Trade Fair ta Legas sai ya dawo min da kwalba iri ɗaya sak da tawa, kalar kwali ɗaya, rubutu ɗaya, harafi ɗaya kawai suka canza a sunan, kuma wallahi turaren ruwa ne kawai, yanzu kwastomomi na kirana wai na lalata kayana. Na je wajen 'yan sanda da takardar CAC sun ce in nemi lauya. Shin takardar tawa ba ta da amfani kenan?

AMSA: Alhaji sannu, Allah ya mayar da alheri. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan, kai ka sha wahalar gina suna wani na can yana kwashe cinikin, zagin kuma ya dawo kanka.

Takardarka tana da amfani, amma ba a wannan faɗan ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a wajen mutanenmu daga Mile 12 har Alaba Rago, mutum ya ɗauka da zarar CAC ta ba shi satifiket shi kenan sunan ya zama nasa ko'ina. CAC sunan shago ko kamfani take wa rajista, wato gwamnati ta san da zamanka, ka iya buɗe asusun banki da sunan, ka shiga kwangila. Sunan da ke jikin kwalba kuwa wani ofishi ne daban ke kula da shi, ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, kuma dokarsa ma daban ce. Dokar tsohuwa ce, tun 1965 aka yi ta, kusan kwafin ta Ingila ce ta 1938, ita muke ta lallaɓawa har yau da 'yan gyare-gyare. Sashe na 3 nata ya faɗa ƙarara cewa wanda bai yi wa alamarsa rajista ba, ba zai shigar da ƙarar an keta masa alama ba. To ka ga inda gizo ke saƙar.

Amma ba a rufe maka ƙofa duka ba. Shi wannan sashen dai ya bar wata hanya, ƙarar sojan gona, wato ka ce wa kotu wane yana sayar da kayansa da sunan cewa nawa ne. Sai dai fa hanya ce mai gargada, don kai ne za ka kawo hujja kan komai: cewa mutane sun san sunan nan da kai, cewa abin da ya yi yana ruɗa masu saye, da cewa ka yi asara ko za ka yi. Wanda yake da rajista satifiket kawai zai ajiye a gaban alƙali a wuce maganar mallaka, kai kuwa sai ka kwaso tarihin shekara shida. Don haka tun yau ka fara tattara tsofaffin rasit, takardun wanda ke buga maka sitika da kwali masu kwanan wata, hotunan da ka ɗora a Facebook ko WhatsApp tun shekarun baya, saƙonnin kwastomomin da suka kira suna ƙorafi kar ka goge ko ɗaya, sannan ka tura wani wanda ba su sani ba ya sayo jabun ya karɓo rasit mai sunan shagon. Kar ka je da kanka ka yi hayaniya a kasuwa, da sun ji motsi za su kwashe kayan cikin dare gobe ka tarar da shago fayau. Lauya na iya roƙon kotu ta ba da izinin a shiga shagon ba sanarwa a adana kayan a matsayin shaida, amma wannan sai in ba ka riga ka tona kanka ba.

Kafin duk wannan ma, abu na farko, a yi maka bincike a rajistar Abuja a ga ko wani ya riga ya shigar da sunan. Ina faɗin haka ne don na sha ganin inda mai kwaikwayon shi ne ya ruga ya yi rajista, daga baya ya aiko wa mai asalin kayan takardar lauya wai ya daina amfani da suna. In haka ta faru kar hankalinka ya tashi sosai, sashe na 7 ya kare wanda ya riga fara amfani da suna kuma bai daina ba, mai rajistar da ya zo daga baya ba zai hana shi ba, nan ma dai tsofaffin rasit ɗin nan ne za su cece ka. In kuma aka tarar fili ne ba kowa, ka shigar da taka a ranar, kar ka kwana.

Batun harafi ɗaya da suka canza, wannan ba zai fishshe su ba. Mu kan ce kama da wane ba ta wane, amma a shari'ar alama kamar ita ce laifin. A 1968 Kotun Ƙoli ta duba rigimar magunguna biyu, Castoria da Casorina, ta ce sunayen sun yi kusa da za su ruɗa mai saye, kuma ba ido kaɗai ake dubawa ba har da kunne, yadda sunan ke fita a baki. Ka tuna yawancin masu sayen kayanmu aike ake yi, a ce wa yaro je ka sayo min kaza, ba wanda ke tsayawa ƙirga haruffa.

Kalar kwali kuma a yi hattara. A 2004 kamfanin Ferodo masu birkin mota sun sha kaye a Kotun Ƙoli a ƙarar da suka kai kamfanin Ibeto kan kwali mai ja da baƙi da fari, kotu ta ce abin da ke alamarsu shi ne kalmar Ferodo, sauran ado ne, shi kuma wancan sunan da ke kan nasa kwalin daban ne. Yanzu an ɗan samu sauƙi, dokar sauƙaƙa kasuwanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Fabrairun 2023 ta faɗaɗa ma'anar alama ta haɗa da siffar kaya da mazubinsa da haɗin kaloli. Saboda haka in za ka shigar, ni dai shawarata ka shigar da sunan shi kaɗai, sannan ka shigar da hoton kwalin gaba ɗaya daban. Kuɗi biyu ne, na sani.

Shari'ar alama mai rajista Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, a nan Legas tana Ikoyi. Ta sojan gona kan sunan da ba rajista kuwa, maganar wace kotu ce ke da hurumi ta sha jawo gardama har Kotun Ƙoli, wannan ka bar wa lauyanka ya zaɓa.

TAMBAYA: Salam Malam, ni matar aure ce a Idi-Araba ina yin yaji da kilishi da dambun nama ina zubawa a roba, alhamdulillah har manyan shaguna sun fara tambaya amma sun ce sai da lambar NAFDAC, da na fara bin layin NAFDAC ɗin kuma sai aka ce wai sai na kawo takardar tiredmak, ni kam na gaji wlh kullum sabuwar takarda. Yaya ake yi, kuma sai na je Abuja? Sunan da nake so shi ne sunan garinmu da kalmar yaji.

AMSA: Hajiya ki yi haƙuri, gaskiya suka faɗa miki, NAFDAC na neman shaidar cewa sunan da za su ba wa lamba naki ne, kada su ba ki lamba gobe wani ya zo ya ce sunansa ne. Ba sai kin je Abuja ba, yanzu ta intanet ake shigarwa ta hannun lauya ko ejan da ofishin ya amince da shi, kuma suna nan da yawa a Legas.

Yadda abin ke tafiya, za a fara bincike a ga ko akwai suna irin naki ko mai kama da shi. In babu sai a cike fom a biya kuɗin gwamnati, a ba ki takarda ta farko mai nuna an karɓi buƙatarki, da lamba da kwanan wata. Wannan kwanan watan ki riƙe shi da kyau don daga shi ake fara lissafin komai. Sai ma'aikatan su duba ko sunan ya cancanta, in ya wuce su ba ki takarda ta biyu ta amincewa. Daga nan a buga sunan a mujallar alamun kasuwanci ta gwamnati, a ba duniya wata 2, duk mai ja ya fito ya faɗi dalilinsa. In wata biyun suka cika shiru, ko aka yi jayayyar kika yi nasara, sannan a biya kuɗin satifiket a ba ki. Jiran fitowar mujallar nan shi ne ke cin rai, ana iya shafe watanni wani ma ya haura shekara, shi ya sa da yawa da takardar amincewar suke ci gaba da harkar NAFDAC kafin satifiket ya fito.

A nan ne kuma ake cutar mutane. Wani ejan zai miƙo miki takarda ta farko mai tambarin gwamnati ya ce an gama, ki biya cikon kuɗi, ke kuma ki sa a firem. Ba a gama ba Hajiya, ko rabi ba a yi ba. Tun kafin ki ba da ko sisi ki tambaye shi kuɗin nan har zuwa wace takarda ya ƙunsa, ya rubuta miki, kuma ki duba da idonki sunan wa aka sa a matsayin mai alamar.

Yanzu maganar sunan da kika zaɓa, ina jin za a samu matsala. Doka ba ta son sunan da kawai yake bayyana kayan ko ingancinsa, ba ta son sunan gari ko ƙasa tsurarsa, haka sunan dangi da kowa ke amsawa, sai fa in an kawo hujjar cewa an daɗe ana amfani da shi har mutane sun san shi da mutum ɗaya. Ki duba dalilin, in aka ba ki ke kaɗai ikon rubuta yaji da sunan garinku, sauran matan garin masu daka yaji fa, su rubuta me? Haka irin su mai daɗi, na gida, gangariya, lamba ɗaya, duk na kowa ne. Wani lokaci a karɓi tambarin gaba ɗaya amma a sa ki rubuta cewa ba ki da iko ke kaɗai kan kalmar yaji. Sunan da ya fi ƙarfi shi ne wanda kika ƙirƙira da kanki, ko kalmar da ba ruwanta da kayan, kamar a ɗauki sunan tsuntsu ko tauraro a sa wa yaji. Mutanenmu kuma akwai son suna mai albarka, kowa Alheri kowa Nasara kowa Barka, kyawawan sunaye ne amma in aka yi bincike sai a tarar layi ne a gabanki. A guji kuma tambarin Najeriya mai dawakai da mikiya, da duk abin da zai sa a zaci kayan gwamnati ne, da sunan da ke yaudara, kamar ki rubuta zuma alhali sukari ne.

Sai abu na ƙarshe da zai taɓa aljihu. An kasa kaya da ayyuka aji 45, na 1 zuwa 34 kaya, na 35 zuwa 45 ayyuka, tsarin da aka amince da shi a birnin Nice na Faransa a 1957. A Najeriya kowane aji fom ɗinsa daban kuɗinsa daban. Yajinki yana aji na 30 tare da shinkafa da zuma da shayi, kilishi da dambun nama kuwa suna aji na 29, kin ga biyu kenan. In gobe kika fara zoɓo ko kunun aya a gora wannan 32 ne, in kika buɗe gidan abinci da sunan 43. In kuɗin ba za su kai ba ki fara da wanda ya fi kawo miki ciniki. Rajistar farko shekara 7 take yi daga ranar da aka shigar, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

TAMBAYA: Yallaɓai ni a Computer Village nake, ina oda caja da iyafis daga Chaina ana buga min sunana a jiki, na yi rajista a nan Najeriya satifiket ya fito, kuma ina da diloli a Kwatano da Maraɗi. Wani abokina ya ce rajistar tawa ba ta aiki a can, gaskiya ne?

AMSA: Abokinka ya yi gaskiya ɗan'uwa, rajistarka a bodar Seme take tsayawa, ta arewa kuma a Jibiya. Kowace ƙasa da tata. Akwai wani tsari na duniya da ake kira Madrid inda mutum zai cike fom ɗaya ya zaɓi ƙasashe da yawa, amma Najeriya ba ta cikinsa, don haka daga nan ba ka da wannan gajeriyar hanyar.

Sa'ar da ka yi ita ce Benin da Nijar duk suna cikin OAPI, ƙungiyar da ke yi wa ƙasashenta rajistar alamu a wuri ɗaya, mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, ƙasashe 17 ne yawancinsu rainon Faransa, har da Chadi da Togo da Kamarun kanta. Rajista ɗaya a can tana aiki a cikinsu duka, shekara 10 take yi a sabunta. Ga mai kai kaya Kwatano da Maraɗi da Yamai wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Gana ba ta ciki, ita sai an bi ta daban.

Wanda ma ya fi damuna da ba ka tambaya ba shi ne Chaina. Can wanda ya riga shigarwa shi ne mai suna, ba ruwansu da wa ya ƙirƙira. In masana'antar da ke maka aiki ko wani ejan a birnin Gwanzu na Chaina ya lura kayanka na tafiya ya je ya yi rajistar sunan da sunansa, zai iya sa kwastan ɗinsu su tare maka kwantena a tashar jirgin ruwa wai kayan jabu ne, kayanka da kuɗinka. Tunda can ake ƙera maka, ka yi rajista a can ma a aji na 9, ajin caja da iyafis, kuma ka sa a takardar yarjejeniyarku cewa ba za su buga wa wani sunanka ba ko su sayar da rarar da ta saura. Sau da yawa jabun da ake gani a kasuwa ba wani baƙo ne ya yi ba, rarar odar mutum ce ta biyo ta bayan gida.

TAMBAYA: Malam ɗan R ɗin nan da ke cikin da'ira da ake sawa a gefen suna, mai buga min leda ya ce in sa yana ƙara wa kaya kwarjini. In sa? Daga mai sayar da shinkafa a Mile 12.

AMSA: In satifiket bai fito ba kar ka sa. Alamar ® tana nufin an gama rajista, kuma nuna cewa alama tana da rajista alhali ba ta da shi laifi ne a dokar. TM kuwa kowa na iya sawa, ma'anarta kawai ina ɗaukar wannan a matsayin alamata. Shi kuma mai zana maka tambarin, ka sa ya rubuta maka a takarda cewa ya sallama maka zanen, don a dokar haƙƙin mallaka zane na wanda ya zana ne sai in an yi yarjejeniya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu Allah ya ji ƙansa ya bar mana sana'ar takalma a Idumota da sunan da aka san shi da shi fiye da shekara ashirin, mu shida ne, yanzu da muka duba takardu sai muka ga rajistar da sunan babban yayanmu aka yi don shi ne mai boko lokacin shi aka aika, shi kuma ya ce nasa ne tunda sunansa ne a jiki. Kuma ma mun ga kamar tun da aka yi ba a taɓa sabuntawa ba. Mene ne mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta wa Baba ya haɗa kanku. Ku fara da maganar sabuntawar, don mai yiwuwa abin da kuke ja a kai ma ya riga ya faɗi. In shekara 7 ta farko ta wuce ba a biya ba, ofishin na iya cire alamar daga rajista bayan ya aika sanarwa, sanarwar kuma adireshin da ke fom ɗin ake kai ta, wanda wataƙila na wani ejan ne da ya daɗe da tashi. Ku sa lauya ya duba matsayinta a aji na 25, nan takalma suke. In tana nan a biya a sabunta, in an cire a nemi maido da ita ko a shigar da sabuwa da wuri kafin wani na waje ya farga, don ina tabbatar muku maƙwabtanku a kasuwa sun san kuna rigima.

A ido na doka wanda sunansa ke rajista shi ake fara ɗauka mai ita, wannan gaskiya ne kuma yayanku ya san haka. Amma ana iya ƙalubalanta a nemi gyara rajistar in akwai hujjar cewa aike aka yi shi, sana'ar ta Baba ce, kuɗin Baba ne, sunan ma tun kafin ya girma ake amfani da shi. Alama dukiya ce kamar shago, ana sayar da ita ana gadonta, kuma duk lokacin da ta canza hannu sai an je an rubuta a rajista.

Ni dai ban so ku fara da kotu ba, shari'ar 'yan'uwa tana cin shekaru, kafin a gama sunan ya mutu a kasuwa, doka ma ta ce alamar da aka bar ta shekara 5 ba a amfani da ita wani na iya neman a soke ta. Ku samu kawunnanku da malamin da zai raba muku gado da dattawan kasuwa da suka san Baba, a zauna da Yaya. Hanyar da na ga ta fi zaunar da irin wannan ita ce ku buɗe kamfani a CAC kowa da kasonsa gwargwadon rabon gado, mata da maza, shi Yaya ya sa hannu ya mayar da alamar sunan kamfanin, in ya so a ba shi wani abu na ɗawainiyar da ya yi a kuma bar masa shugabanci in shi ne ya fi sanin harkar. Takardar mayarwar lauya zai rubuta, a kai Abuja a shigar, ku karɓi shaidar cewa an canza sunan mai ita, kowannenku ya riƙe kwafi.